Wanda Ya Ba Fadila Jini

Tun da Umair ya shigo harabar asibitin ya hango motar Alhaji Lawwali a karkace, ƙofar direba a buɗe babu wanda ya tuna ya rufe ta, ya san abin ya wuce yadda aka faɗa masa a waya. Alhaji mutum ne da ko takalminsa ba ya ajiyewa a karkace.

Ramla, yayar Fadila, ita ta kira shi yana tsakiyar darasi a makarantar da yake koyarwa a Kambarawa. Babu sallama balle gaisuwa. Cikin kuka ta ce Fadila ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ana neman jini an rasa. Ya ajiye allin, ya haye babur, har ya iso bai san ta wace hanya ya biyo ba.

Ba yau Umair ya fara shan wuya a kan Fadila ba. Gidan Alhaji Lawwali na Ƙofar 'Yandaka irin gidajen nan ne da sai an lissafa kakannin saurayi kafin a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Shi kuwa ɗan Mamman mahauci ne na Babbar Kasuwa, kuma digirinsa da natsuwarsa ba su wanke shi ba a idon Hajiya Kubura, mahaifiyar Alhaji, wadda ta daɗe da ware wa jikanta Khalifa wannan yarinya. Sai kwanan nan, da Alhaji ya ga 'yarsa tana ƙarewa a tsaye, ya sassauto ya ce bayan sallah Umair ya turo magabatansa.

Kowa ya ɗauka ramar soyayya ce. Ashe watanni ke nan jinin al'adarta yana zuba fiye da ƙima, kunya ta hana ta gaya wa kowa. Zazzaɓin cizon sauro ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

A barandar ɗakin mata ya same su. Hajiya Kubura tana kan benci, carbi na gudu a yatsunta. Alhaji yana tsaye, hula a hannu. Khalifa ya jingina da bango yana juya makullin mota. Umair ya durƙusa ya gaishe su, Alhaji ne kaɗai ya amsa, shi ma a ciki.

Likitar da ke duba Fadila, Dakta Sadiya, ta fito tana cire safar hannu.

"Alhaji, na gaya maku jininta ya yi ƙasa sosai. Rukuninta kuma B nagetif ne, ba kasafai ake samunsa ba. Babu shi a ma'ajiyarmu, mun buga waya inda za mu buga, babu. Kai da Ramla da wannan bawan Allah duk fozitif ne, naku ba zai yi mata ba." Ta nuna Khalifa.

Khalifa ya miƙe daga jikin bango. "To likita, idan an samu, mu cikakken jini muke so a sa mata. Na ji ma'aikaciyarku tana cewa wai tatacce za a ba ta. Yarinya ba ta da jini kuma a rage mata wanda aka samo?"

"Ba ragi ba ne," in ji likitar, ba ta ɗaga murya ba. "Jini kashi biyu ne, akwai jajayen ƙwayoyi, akwai ruwan da suke yawo a ciki. Wanda ya yi haɗari jini ya kwarare masa lokaci guda, shi ya rasa duka biyun, shi ake ba cikakke. Ita Fadila a hankali nata ya tsiyaye, ruwan jikinta yana nan, ƙwayoyin ne babu. Kun ga ƙafafunta sun kumbura, kun ga yadda take haki? Zuciyarta ce ta gaji. Idan na ɗura mata cikakken jini, ruwan zai yi mata yawa, ya taru a huhu. Da hannuna zan kashe ta."

Alhaji ya dafa bango. "Ki yi wanda ki ka ga ya dace, likita. Ni dai ɗiyata."

Tun da aka ambaci nagetif ƙirjin Umair yake dukan uku-uku. Ya taɓa ba da jini suna makaranta, har aka roƙe shi ya bar lambar wayarsa saboda irin nasa ba ya samuwa.

"Likita, nawa O nagetif ne."

Ta juyo ta dube shi kamar yanzu ta fara ganinsa. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To Allah ya kawo ka. Da cikakke ne ma ba zan so in sa mata naka ba, don ruwan jinin O yana faɗa da ƙwayoyin B. Amma idan aka tace aka ware ruwan, ƙwayoyinka za su shiga lafiya, in dai gwaji ya nuna sun karɓi juna. Kai wane ne a wurinta?"

Ramla ce ta yi ƙarfin hali daga bakin ƙofa. "Shi ne zai aure ta."

Fuskar likitar ta ɗan canza. "To akwai maganar da dole in faɗa. A ƙa'idarmu ba mu cika son mace ta karɓi jinin wanda za ta haihu da shi ba. Wani lokacin jikinta yana riƙe jinin a matsayin baƙo, idan ta ɗauki cikin da ya gado wani abu daga uban, sai jikin ya yi faɗa da shi. Ba kullum ba ne, kuma ana sa ido a lokacin awo. Da ina da wani, da wani zan ɗauka. Ba ni da shi, kuma ba na jin za ta kai gobe a haka."

Carbin Hajiya Kubura ya tsaya.

"Kun ji ko? Har likita ta hwaɗi da bakinta."

"Hajiya, ba abin da nake nufi ba..."

"Bari ɗiyar nan, na girmi asibitin ga." Tsohuwar ta juya ga ɗanta. "Lawwali, ka tuna ɗiyar Gwadabe maƙwabcinmu? Ana tsakar rabon goro aka warware aurenta, don wata tsohuwa ta tuna uwar angon ta taɓa ba ta nono tana jinjira. Tsotso guda. To nono ma da shi ke hita daga jini ya haramta aure, bare jinin kanshi? In jinin yaron ga ya shiga jikinta, ya zama wanta. Babu aure."

Umair ya matso. Ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, Allah ya ƙara maki lafiya, malamai sun yi bayani. Ƙarin jini ba shayarwa ba ce, ba ya haramta aure. A tambayi kowane malami a garin nan. Kuma ma kin ji tacewa za a yi, ba duka za a sa ba."

"Ko kindirmo ko tsala, duk nonon saniya ne," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Gaskiya tana wurin Umair, wannan ko ɗan Islamiyya ya sani. Amma wa ya taɓa kayar da Hajiya Kubura da littafi? Kuma kada a zalunce ta, ba makirci ta shirya ba. Tsoron Allah ne ya kama ta ta inda bai kamata ba, sai kuma ya zo daidai da abin da ranta yake so, irin wannan kuwa ko da gatari ba ya cirewa.

Alhaji ya kama hannun Umair ya ja shi gefe, wurin wata bishiyar darbejiya. Bai taɓa riƙe hannunsa ba sai yau. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Malam Umair, ba ni ɓoye maka. Mai yiwuwa kai ke da gaskiya. Amma ni ban ɗaura auren da uwata ta kira haram, ko malaman duniya sun taru. In na ɗaura, duk ɗan da ku ka haihwa da baki za a riƙa nuna shi a unguwa. In ka ba da jinin ga, maganar bayan sallah ta mutu." Muryarsa ta karye. "In kuma ka hana, ban da bakin da zan zarge ka. Ga ni dai gabanka."

Dattijon da ake tashi tsaye idan ya shigo masallaci, ga shi yana share hawaye da hularsa. Umair ya sunkuyar da kai don kada ya gani.

"Baba, ai babu shawara a nan. Ina ne ɗakin ɗibar jinin?"

Bai kai ga tafiya ba Ramla ta taho da sauri, mayafinta na jan ƙasa.

"Ta farka ta ji maganar Hajiya, ta ji ta Baba. Gadonta na jikin tagar da ke wajen bishiyar nan. Ta ce wallahi ba za a sa mata ba, ta ce a kira ka."

Da ƙyar ya gane ta. Fadilar da ke cika zaure da dariya ta koma 'yar mitsitsiya a tsakiyar gado, an tokare ta da matasai don ba ta iya kwanciya sosai. Leɓɓanta fari fat, tafin hannunta kamar an wanke da toka. Jijiyar wuyanta tana harbawa ana gani. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Malam," ta ce. Haka take kiransa tun farko, da tsokana, har ya bi bakinta. Yau babu tsokana a ciki.

"Na'am, Fadila. Kada ki yi magana da yawa."

"Ka amince... ka zama yayana?"

"Ba zan zama yayanki ba. Ke ma kin san maganar Hajiya ba haka take ba a addini."

"Na sani. Amma Baba ya faɗa." Ta tsaya ta ja numfashi, kowace kalma sai ta huta. "Ka san Baba. Bai taɓa... janye magana ba."

"To sai me? Ki rayu tukuna, sauran a bar wa Allah."

Hawaye suka gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne. "Na yi ta jira. An zage ni a kanka, an daina yi mini magana a gida, ban gaji ba. Yanzu da ya rage kaɗan, sai ka zo da hannunka ka yanke? A jira. Za a samu wani."

"Babu wani, Fadila. Likita ta ce ba za ki kai gobe ba."

"To in mutu ina wadda za ka aura. Ya fi mini in rayu ina gaishe da matarka."

"Ki ji tsoron Allah. Ni kuma in yi yaya? In riƙa yawo a garin nan da jinin da zai iya tashinki, ina wucewa ta maƙabarta kullum? Kin taɓa tunanin wannan?"

Ta rufe ido. "Ba zan miƙa hannuna ba. Likita ta ce sai da yardata."

Ya roƙe ta da Allah da Annabi. Ramla ta durƙusa tana kuka a jikin gadon. Fadila ta juyar da kai bango, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri kamar na ɗan tsako. Mai taurin kai ce tun tana lafiya, abin da ya sa ta iya tsayawa a kansa ke nan, yau kuma shi ne zai kai ta kabari.

Ya fito bai ga gabansa sosai. A ƙarshen barandar ya tarar da Khalifa shi kaɗai. Tun da suka san juna ba su taɓa haɗa magana ta wuce sallama ba.

"Khalifa, ta san sakamakon gwajinka?"

"A'a. Na iso a makare, tana ciki aka gwada ni. Me ya faru?"

"Alfarma nake nema." Umair ya rage murya. "Ka nemi auduga da filasta ka manna a hannunka. Ka shiga ka ce mata naka ya dace, kai za ka bayar."

Khalifa ya daina juya makullin.

"Ka san abin da zai sa ta karɓa?"

"Na sani. Za ta ɗauka kai ne ka haramta gare ta."

"Wato da murna za ta karɓa, don ta rabu da ni." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai ka ba da jini ka rasa ta, ni in ba da ƙarya in ga yadda take ƙina. Wannan wace irin rana ce?"

"Za ka yi?"

Khalifa ya nannaɗe hannun rigarsa.

Dakta Sadiya ba ta so abin ba. Ta ce ita ba za ta yi wa marar lafiya ƙarya ba, amma ledar jini ba ta ɗauke da sunan kowa sai lamba, kuma dama aikinta bai ba ta damar faɗin mai jini ba. Ta ce su je su yi abin da za su yi, ita jini take jira.

Aka ɗebi kaɗan aka gwada shi, aka haɗa da na Fadila a ga ko za su yi faɗa. Umair yana zaune a kan benci yana addu'ar da shi kansa bai san me yake roƙo ba. Idan suka ƙi juna ta mutu, idan suka karɓi juna ya rasa ta. Da ma'aikacin ɗakin gwajin ya leƙo ya ce sun dace, sai ya ji bakinsa yana cewa alhamdu lillahi.

Ya kwanta aka soka masa allura a lanƙwasar hannun hagu. Yana kallon ledar tana cika a hankali. Ɗan mahauci ne, ya tashi yana ganin jini tun kafin ya iya tsarki, amma sai da ya kawar da kai. Da aka gama aka manna masa auduga, ya saki hannun farar rigarsa ya rufe wurin, ya ɓalle maɓallin.

Sai kuma jira. An kai ledar cikin na'urar da ke juya ta har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwan ya tashi sama. Aka kira azahar, suka yi salla a masallacin asibitin, shi da Alhaji kafaɗa da kafaɗa, babu mai kallon wani. Suna dawowa Ramla ta tare su ta ce Fadila ta amince. Ta ce har murmushi ta yi wa Khalifa, ta ce masa Allah ya saka da alheri.

Ledar da aka kawo ba ta kai wadda aka ɗiba cika ba, jinin ya yi duhu ya yi kauri. Likitar ta rataye ta da kanta, ta ce a hankali za a sake shi, kuma farkon shigarsa ne abin tsoro. Idan jikin zai ƙi, a nan zai nuna, da rawar sanyi ko ciwon baya ko numfashi ya sarƙe.

Umair ya tsaya a bayan taga. Ɗigo ya faɗo, wani ya biyo. Jan layin ya bi siririn bututun har ya ɓace a bayan hannunta. Fadila ta ɗan motsa, ta ce tana jin sanyi. Likitar ta rage gudun, ta taɓa goshinta, ta auna, ta saurari ƙirjinta, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ɗago ta ce fankar sama ce, a kashe ta a lulluɓe ta.

Bai san ya zame ya zauna a ƙasa ba sai da ya ji sanyin siminti.

Bayan la'asar hakin ya ragu. Ba wai ta warke ba, leda ɗaya ba ta tashin mutum, amma leɓɓan sun daina kama da na gawa. Ramla ta fito ta ce tana kiransa. Ya so ya ce a gaya mata ya tafi, amma ƙafafunsa suka kai shi.

Jinin ya wuce rabi, saura na nan a rataye. Hajiya Kubura tana zaune a kujerar bakin ƙofa, Alhaji a tsaye bayanta. Fadila ta dube shi, idanunta sun ɗan dawo.

"Malam, ka ga ikon Allah?" Muryar a shaƙe take amma akwai tsokanar nan a ciki. "Yaya Khalifa ya zama yayana na gaske. Hajiya da bakinta ta faɗa. Yanzu wa ya rage?"

Ramla ta juya tana gyara kwanon da ba ya bukatar gyara.

"Ka yi shiru. Ba ka yi murna ba?"

"Na yi murna da kika samu sauƙi."

"Bayan sallah ɗin tana nan ko, Baba?"

Alhaji ya dubi ƙasa.

Fadila ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana janyewa. Umair ya ɗaga hannu zai share zufar goshinsa, a nan idonta ya sauka a kan rigar. A daidai lanƙwasar hannun hagu, jini ya ratso audugar ya fito a farin yadin, ɗan tabo kamar ƙwayar gero uku.

Ta dubi tabon. Ta ɗaga kai ta dubi ledar.

"Umair," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba.

Ya ga hannunta na dama ya tashi, ya nufi bututun da ke bayan ɗaya hannun. Bai yi shawara ba. Ya yi tsalle ya damƙe wuyan hannun, ya riƙe gam. Duk tsawon neman da ya yi, ko gefen mayafinta bai taɓa taɓawa ba.

"Sake ni. Don Allah ka sake ni."

"Ba zan sake ba sai ya ƙare."

Alhaji ya yunƙura zai matso, ganin namiji riƙe da hannun 'yarsa a gabansa. Hajiya Kubura ta tare shi da hannun da ke riƙe da carbi, ta ce a hankali, har da tausayi a muryarta:

"Ƙyale shi, Lawwali. Ai ƙanwa tai ce."